Titi ko aji? Abin da ya raba Shehu Muhammad Abduh da malaminsa



Daren Juma'ar da ta wuce, shayi na biyu bai ma sauka daga wuta ba gardama ta kaure a fadarmu. Wani abokinmu da ya yi karatun Arabiyya ya ce Muhammad Abduh yaron Turawan Ingila ne, su suka naɗa masa rawani. Wani kuma da ya karanta shari'a a jami'a ya ce a'a, ai shi ne kakan duk masu tsattsauran ra'ayin da muke gani yau. Mutum ɗaya, laifi biyu masu karo da juna! Da na tambaye su wane littafinsa suka taɓa buɗewa, sai kowa ya kama hura kofinsa. Ni ma ba zan yi muku ƙarya ba, sai bayan na gama jami'a na san shi da kyau, lokacin zaman jiran aiki. Amma tun daga sannan labarinsa ya tsaya mini a rai, don tambayar da ta raba shi da malaminsa ita ce muke ta yi wa juna a tarukanmu ba tare da mun sani ba.

An haife shi a 1849 a wani ƙauyen manoma da ke arewacin Masar, inda kogin Nilu yake rarrabuwa kafin ya faɗa teku. Ya haddace Alƙur'ani yana yaro. Yana da shekara goma sha uku aka kai shi masallacin Ahmadi na garin Tanta, makaranta mafi girma a ƙasar in aka cire Azhar. Aka dasa shi gaban sharhin Ajurumiyya, wannan dai littafin nahawun da ake karantawa a zaurukanmu. Shekara ɗaya da rabi yana zaune, malam na zuba kalmomin da bai taɓa fassara masa ba, shi kuma yana maimaitawa. Daga baya da kansa ya ba da labari cewa bai fahimci komai ba. Sai ya yanke wa kansa hukunci cewa ba shi da kan karatu, ya gudu gida ya kama noma, ya yi aure yana ɗan shekara goma sha shida.

Duk wanda ya zauna a lakwal ɗinmu ya san wannan ciwon. Mu nawa muka haddace darasin tarihi da Faransanci, muka zuba shi a takarda ranar jarrabawa, muka ci maki, alhali in aka ce mu faɗi ma'anarsa da Hausa sai ido ya raina fata? Kuma ɗiyan talakawa nawa suka bar aji suna ganin su ne daƙiƙai? Abin da ya faru da Abduh a Tanta da Larabci shi ya faru da mu da Faransanci. Haddar da babu fahimta ba ta da addini, ba ta da yare.

Ubansa ya tilasta masa komawa Tanta, sai ya zille a hanya ya ɓuya a wani ƙauye wajen dangi. A nan ya gamu da kawun mahaifinsa, Shehu Darwish, wani dattijo ɗan ɗariƙar Shazaliyya. Dattijon bai yi masa faɗa ba. Ya miƙa masa littafi ya ce idona ya yi rauni, karanta mini. Yaron ya yi jifa da littafin. Dattijon ya sake miƙa masa, kuma duk layin da ya karanta sai ya tsaya ya warware masa ma'anarsa da magana mai sauƙi. Cikin kimanin mako biyu yaron da ya tsani takarda ya koma ba ya son a raba shi da ita. Masu cewa Abduh maƙiyin sufaye ne su riƙe wannan: sufi ne ya dawo da shi karatu.

Ya shiga Azhar a 1866, ya tarar da irin abin da ya gudo daga gare shi, sharhi a kan sharhi, hashiya a kan hashiya. Abin da ya canza rayuwarsa shi ne zuwan Jamaluddin al-Afghani birnin Alƙahira a 1871. Afghani ba ya koyarwa a cikin Azhar. A gidansa da wuraren shan gahawa yake tara matasa, yana karantar da su falsafar Ibn Sina da aka daɗe da jinginewa, yana tura su rubutu a jarida, yana gaya musu Turawa na zuwa su haɗiye ƙasashen Musulmi ɗaya bayan ɗaya. Abduh ya zama babban almajirinsa. Wannan ya sa da ya zo jarrabawar ƙarshe a 1877 wasu malamai suka so kayar da shi, sai da Shehun Azhar na lokacin ya sa baki aka ba shi shahada mai daraja ta biyu.

Masar ta wancan zamani ta nutse cikin bashi. A 1876 ta kasa biya, masu bin bashi na Ingila da Faransa suka zo suka zauna a kan baitulmalinta suna duba shiga da fita. Ba sai na ce muku wannan labari ya yi kama da wani da muka sani ba. An kori Afghani daga ƙasar a 1879. Shekara guda bayan haka aka ba Abduh jaridar gwamnati, al-Waƙa'i al-Misriyya, ya mai da ita wurin sukar cin hanci da lalacewar makarantu. Da sojoji ƙarƙashin Ahmad Urabi suka tashi, da farko Abduh bai yarda da su ba, yana ganin jama'ar da ba a ilimantar ba in ta karɓi mulki da bindiga za ta canza ubangida ne kawai. Amma da jiragen ruwan Ingila suka yi wa Iskandariyya ruwan wuta a Yulin 1882, ya tsaya tare da 'yan ƙasarsa. Ingila ta ci yaƙin a watan Satumba. Abduh ya yi wajen wata uku a gidan kaso, aka yanke masa korar shekara uku daga ƙasa, wadda ta zama shida.

A 1884 ya iske malaminsa a Paris, suka kafa jaridar al-Urwatul Wuthƙa. Afghani ke ba da tunani, Abduh ke rubutawa. Fitowa goma sha takwas kacal ta yi, daga Maris zuwa Oktoba, Ingila ta hana ta shiga Masar da Indiya, amma ana ɓoye ta ana karantawa daga hannu zuwa hannu. A nan ne hanyarsu ta rabu. Rashid Rida ya ruwaito cewa Abduh ya ba malaminsa shawara su bar siyasa, su tafi wani wuri da idon hukuma bai kai ba, su zaɓi yara goma masu kaifin basira su tarbiyyantar da su, kowane ɗaya shi ma ya tarbiyyantar da goma, cikin 'yan shekaru a sami mutum ɗari da za su ɗauki gyara. Afghani ya ce masa kai mai kashe gwiwa ne.

Wallahi duk lokacin da na tuna wannan zance sai in ga zauren taronmu. Akwai mai cewa a fito titi gobe, akwai mai cewa a koma unguwa a wayar da kai tukuna, kuma na farko na kallon na biyu a matsayin matsoraci. Ni kaina na sha kiran wasu da sunan da Afghani ya kira Abduh.

Ya koma Bairut yana koyarwa, kuma darussan da ya bayar a can su suka zama Risalatut Tauhid, wadda aka buga a 1897. Gundarin tunaninsa bai da wuyar faɗi. Abokin gabarsa shi ne taƙlidi, wato bin maganar magabata ido rufe ba tare da neman hujjarsu ba. A wajensa hankali da wahayi daga Ubangiji ɗaya suka fito, don haka ba za su yi faɗa ba, kuma imanin da mutum ya gada kawai bai kai wanda ya tsaya ya yi tunani ya gamsu ba. Ya ce yarda da ƙaddara ba ta nufin naɗe hannu, mutum yana da zaɓi kuma za a tambaye shi a kansa. Ya raba tsakanin ibada, wadda ba a taɓa ta, da mu'amala, wato ciniki da aure da shari'a da mulki, inda nassi ya ba da ginshiƙai ya bar wa mutanen kowane zamani su duba maslaha. Wannan maganar maslaha ba baƙuwa ba ce gare mu mabiya Malikiyya. Littafin da yake yawan tura ɗalibansa su karanta shi ne Muwafaƙat na Imam Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus. Abin da ake kira sabon abu a bakinsa, da yawansa tsohon kaya ne da ya kakkaɓe wa ƙura.

Akwai wurare biyu da na ga ƙarfin halinsa ƙwarai. Na farko, ya ce Musulunci bai san wata hukumar malamai da ke riƙe da imanin mutane ba. Halifa ko alƙali ko mufti, babu wanda ke da ikon shiga tsakanin bawa da Ubangijinsa, kuma shugaba mutum ne da al'umma ke naɗawa tana kuma iya sauke shi. Ku tuna mai wannan magana shi ne Muftin ƙasa, yana rage wa kujerarsa tsawo da hannunsa. Na biyu, maganar auren mace fiye da ɗaya. Bai ce haramun ne ba. Ya ce Suratun Nisa'i ta ɗaure shi da sharaɗin adalci, kuma shi da ya zauna a kotu ya ga abin da rashin adalcin ke haifarwa: kishiyoyi na gaba, 'ya'yan uba ɗaya sun tashi suna ƙin juna, gado ya zama yaƙi. Don haka ya ga hukuma na da damar taƙaita shi in ɓarnarsa ta rinjayi amfaninsa. Kuna iya ƙin wannan ra'ayi, malamai da yawa sun ƙi shi. Amma daga cikin fiƙihu ya kawo hujjarsa, bai aro ta daga Paris ba.

Ba komai nasa nake haɗiyewa ba fa. A tafsirinsa na Juz'u Amma ya karkata ga cewa abin da ya halaka rundunar giwaye cutar agana ce, har ya kawo zancen ƙwayoyin cuta. Ni a ganina a nan ya matsa wa aya don ta yi daidai da ilimin likitancin zamaninsa, kuma wannan ma wani irin taƙlidi ne, sai dai an canza wanda ake bi.

Yanzu ga inda abokina na farko yake da 'yar gaskiya. Abduh ya dawo Masar a 1888, kuma cikin waɗanda suka sa baki aka yafe masa har da wakilin Ingila, Evelyn Baring, wanda aka fi sani da Lord Cromer, mutumin da shi ne ainihin mai mulkin ƙasar. Abduh ya so komawa aji, amma sarkin Masar, Khidiwi Taufiƙ, ya ji tsoron abin da zai zuba wa matasa a kai, ya tura shi alƙalanci. Ya karɓa. Ya koyi Faransanci yana da shekara arba'in da 'yan kai. A 1895 ya shiga majalisar gudanar da Azhar, ya yi ta fama a tsara albashin malamai, a daidaita jarrabawa, a tattara littattafan da ke warwatse a yi ɗakin karatu, a shigar da lissafi da tarihi da labarin ƙasa. Ya yi aiki da wata ƙungiyar agaji ta Musulmi da ke buɗe wa 'ya'yan talakawa makarantu. A 1899 ya zama Muftin Masar, ya zagaya kotunan shari'a ya rubuta rahoton gyaransu. Duk wannan a ƙarƙashin inuwar mamaya, kuma yana abota da Cromer a fili. Lissafinsa shi ne Ingila ba za ta fita da ihu ba, gara a yi amfani da lokacin a gina mutanen da za su gaje ta.

Maƙiyansa sun sami sandar dukansa a 1903. Wani Musulmi daga Transvaal, a Afirka ta Kudu, ya aiko da tambaya uku: ko ya halatta a sa hular Turawa, ko a ci yankan Kiristocin wurin, ko ɗan Shafi'iyya ya bi ɗan Hanafiyya salla. Abduh ya halatta duka ukun, ya ce hula ba ta fitar da mutum daga addini in ba da niyyar barinsa ya sa ta ba. Jaridu suka yi masa ca. Amma wutar ba daga hula ta taso ba. Sarki na lokacin, Abbas Hilmi na biyu, ya so ya musanya wata gonarsa da filin waƙafi mai tsada, Abduh na cikin majalisar waƙafi ya tsaya sai an kimanta kowanne an biya bambanci. Sarki bai yafe masa ba. Ya haɗa kai da malaman da gyaran Azhar ya taɓa musu tuwo, aka yi ta rura wuta har Abduh ya ajiye kujerarsa ta majalisar Azhar a Maris 1905. Ranar 11 ga Yuli na wannan shekara ya rasu a Iskandariyya, yana da shekara hamsin da shida.

To, ga hukuncina, kuma na san wasu ba za su ji daɗinsa ba. Abduh ya yi gaskiya a kan makaranta, ya yi kuskure da ya zaci za a bar shi ya gyara ta in ya kauce wa maganar mulki. Ya guji siyasa, siyasa ta biyo shi har cikin masallaci. Sarki ɗaya da fili ɗaya suka isa su tsayar da aikin shekara goma. Abin da ya fi ciwo, Cromer ɗin da ya jingina da shi yana cikin waɗanda suka fi kowa matse ilimi a Masar. Abin da gwamnatinsa ke ware wa makarantu bai taka kara ya karya ba, ya ɗora kuɗin makaranta a inda da kyauta ne, don yana tsoron masu ilimi da yawa su zame masa abin da suka zame wa Ingila a Indiya. Mutumin da ya sa dukan begensa a aji ya ƙulla abota da mai riƙe da makullin ajin yana ƙin buɗewa. Shekara guda bayan rasuwarsa, a 1906, aka rataye manoma huɗu a ƙauyen Dinshawai saboda rigima da hafsoshin Ingila masu harbin tattabaru. Cikin alƙalan kotun akwai Ahmad Fathi Zaglul, mutumin da'irar Abduh. Ɗan uwansa Sa'ad Zaglul, almajirin Abduh tun zamanin jaridar gwamnati, shi ya jagoranci boren 1919 a kan Ingila. Gida ɗaya, malami ɗaya.

Sai dai kafin masu son titi su yi tafi, su dubi ƙarshen Afghani. Ya zagaya fadojin sarakuna daga Tehran zuwa Istanbul yana neman wanda zai ɗauki tutarsa, ya ƙare a 1897 a matsayin baƙon Sultan Abdulhamid, baƙon da ba shi da izinin fita. Bai bar makaranta ko ɗaya ba. Yara goman da ya raina kuwa sun yi tsiro a inda ba a zata ba. A Indonesiya, Ahmad Dahlan da ya sha karatun Abduh da mujallar al-Manar ya kafa Muhammadiyya a 1912, yau tana da dubban makarantu da asibitoci da jami'o'i sama da ɗari. A Aljeriya, wadda Abduh ya ziyarta a 1903, Abdulhamid Ben Badis da ƙungiyar malamai ta 1931 sun buɗe makarantun Larabci masu zaman kansu a ƙarƙashin hancin Faransa, kuma da yawa daga yaran da suka zauna a waɗannan azuzuwa sun shiga gwagwarmayar 'yanci. Ku lura da abu ɗaya: waɗannan ba su jira gwamnati ta ba su kujera ba, da kuɗin jama'a suka gina nasu.

Shi kuma abokina na biyu, abin da ya hango shi ne reshen Rashid Rida, wanda bayan rasuwar malaminsa ya karkata zuwa ga malaman Najdu, kuma Hasan al-Banna ya ci gaba da fitar da mujallarsa bayan ya rasu a 1935. Wannan reshe ne na gaske. Amma daga wannan itacen ne Ƙasim Amin ya fito da littafinsa na 'yancin mata a 1899, daga nan ne kuma Ali Abdurraziƙ ya fito a 1925 yana cewa halifanci ba rukunin addini ba ne, har Azhar ta ƙwace shahadarsa. Kowa ya ɗebi rabin da ya yi masa daɗi. Abduh ya so ya riƙe duka biyun a hannu ɗaya, almajiransa suka raba gado.

Abin da ya fi damunsa tun yana Bairut shi ne ƙasa mai makaranta iri biyu: ɗaya na fitar da wanda ya san addini bai san duniyar da yake ciki ba, ɗaya na fitar da wanda ya san harshen Turawa yana jin kunyar kakansa. Mutanen biyu ba sa jin maganar juna, kuma su ne za su riƙe ƙasa. Mu ma a nan an daɗe da ganin wannan tsaga. Tun 1957 aka buɗe madarasar Say don a haɗa Larabci da Faransanci, ga makarantun franko-arab a kowace jiha, ga jami'ar Musulunci a Say ɗin. Duk da haka ku dubi tarukanmu na farar hula. Mu nawa ne a ciki za su iya zama da malamin zaure a Damagaram ko Tawa su yi masa bayanin kasafin kuɗin ƙasa da Hausar da zai gamsu, su kuma saurari hujjarsa ba tare da murmushin raini ba? Sanarwarmu da Faransanci muke rubuta ta, mu karanta wa 'yan jarida a Yamai, mu koma gida muna mamakin me ya sa Maraɗi ba ta motsa ba. Abokaina biyu na fada, ɗaya daga kowace makaranta, sun yi awa guda suna gardama a kan mutum ɗaya, kuma ko kalma ɗaya ta ɗayansu ba ta shiga kunnen ɗayan ba.

Ni ban daina yarda da fita titi ba, kuma labarin filin waƙafi ya ƙara tabbatar mini cewa wanda ya bar wa masu mulki fagen siyasa za su zo su same shi a ajinsa. Amma na daina kiran mai maganar wayar da kai matsoraci. A taronmu na gaba zan kawo shawara ɗaya: kowane reshe ya nemi matasa goma, biyar daga lakwal, biyar daga makarantar allo ko islamiyya, su riƙa zama sau ɗaya a mako suna karanta abu ɗaya tare da Hausa, wannan mako dokar ƙasa, mako mai zuwa babin fiƙihu, kuma kuɗin shayi da takarda daga aljihunmu, kada mu nemi ko dala a hannun wata hukuma ko wani ofishin jakadanci. Na riga na yi wa abokan nan nawa biyu magana. Na Arabiyyar ya ce zai zo in har ba shi zai sayi sukari ba.